Sifirin na je saya, sikeli aka aike ni nema

Sana'ata casar shinkafa. Ina da injin casa ɗaya da ƙaramin injin huɗa na hannu, ina bin manoma da su gona-gona a yankin Kura da Kadawa da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake girbi damina da rani. Na daɗe ina fama da motar haya. Duk ranar da za mu tashi daga wata gona zuwa wata sai na nemo mai a-kori-kura, mu yi ciniki, ya ce yana nan tafe bayan azahar, sai ka gan shi bayan isha'i. Manomin da ya riga ya yanke shinkafarsa ya tara 'yan ƙwadago kuwa ba ya jiran kowa, wani mai injin zai kira. Da Allah Ya hore sai na sayi Hilux ta hannu, ƙirar 2007, mai gida biyu. Bodinta ba zai ci injin casa ba, don haka na sa wani mai walda ya ƙera mini tirela. Ba irin mai ɗaukar siminti nake nufi ba, ƙarama ce mai ƙafa biyu, an ɗora ta a kan aksul ɗin bayan wata tsohuwar Hilux da aka yanka. Ya shafe ta da shuɗin fenti, ta yi kyau a ido. A jikin bambar motar ya liƙa wani faifan ƙarfe ya huda shi, ana zura ƙusa mai kauri a haɗa su. Da ni da shi duk mun ɗauka an gama aiki.

Lodin farko da muka yi ni da yarona, gaba muka tura komai. Duro biyu na gas a can gindin wuyan tirelar, injin casa a bayansu, injin huɗa a ƙarshe. Ana sauke wuyan a kan ƙusa sai bayan motar ya gurfana kamar raƙumin da za a ɗora wa gishiri. Da daddare muka tashi. Fitilata ta daina haska titi, rassan bishiya take haskawa, duk motar da ta taho sai direban ya dalle ni da tasa don yana zaton da gangan nake kashe masa ido. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna, in na murɗa sai motar ta yi kamar tana shawara kafin ta bi. Kowace gargada kuma sai ka ji bayan ya daki ƙarfe, dum.

Washegari na yi abin da na ɗauka dabara ce. Tunda nauyi ne ya danne bayan mota, ai sai a ja nauyin baya. Muka mayar da duro biyun can ƙarshen tirela, muka ja injin casa baya har gindinsa ya leƙo waje. Aka haɗa, mota ta tsaya cak a miƙe kamar ba ta ja komai. Yarona ya ce, "Oga, ai ka gama da ita." Ni ma har raina na yaba wa kaina. Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi.

A cikin gari da hanyoyin gona ba mu ji komai ba, don ba ma wuce kilomita 40. Ranar da ta nuna mini halinta, a kan titin Zariya ne, mun bar Kura mun nufi Kadawa, hanya ta yi daɗi, allura ta kai wajen 80. Wata tanka ta zo ta wuce mu da gudu, iskarta ta kaɗa mu. Na ji bayan motar ya ɗan karkata hagu, ya dawo dama. Na jira ya lafa, sai ya ƙaru. A madubi na hango tirelar tana leƙowa ta wannan gefen, ta ɓace, ta leƙo ta wancan, kowace leƙowa ta fi ta baya nisa. Na murɗa sitiyari don in tare ta, ashe zuga ta nake, don kafin hannuna ya kai ta riga ta koma ɗaya gefen. Yarona ya dafe gaban mota yana ta salati. Abin da ya cece mu ba gwaninta ba ce, tsoro ne ya sandarar da ni: ƙafata ta sauka daga totur, ban iya taka birki ba, hannuna ya ƙame a kan sitiyari. Gudu na raguwa, rawar na raguwa, har muka gangara gefen titi. Na fito gwiwoyina suna karkarwa. Duro ɗaya ya tsinke igiyarsa ya kwanta, saura ƙiris ya faɗo kan titi.

Duk wanda na ba labarin, magana ɗaya yake yi: sifirin ɗinka, wato faifayen ƙarfen nan da aka jera falle-falle suna ɗauke da bayan mota, ya mutu, a ƙara masa falle. Wani bakanike ya ce falle uku-uku zai ƙara a kowane gefe, ta koma kamar Canter, in ɗora mata ko dutsen Dala ne. Da wannan niyyar na shiga Kano, na nufi Kofar Ruwa da kuɗina a aljihu. Wani abokina mai sayar da kayan ƙarfe ne ya tare ni, ya ce kafin in sayi komai in je in ga wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran motocin wani kamfanin gina hanya, yanzu ya buɗe ɗan garejinsa a lungu.

Na same shi a kan benci yana wanke boris da fetur. Na zayyana masa komai, na ƙare da cewa falle uku nake so. Bai ko kalli motar ba.

"Alhaji, ina tirelar?"

Na ce tana gida, ai motar ce ba ta da lafiya.

"Je ka ka zo da ita. Da lodinta, yadda yake ranar da abin ya faru. Kada ka wuce 40 a hanya."

Raina bai so ba, don tafiyar Kura da dawowa ce, amma na je. Da muka iso ya sa aka datse tayoyin tirelar da duwatsu, aka zare ƙusa. Sai tsohon nan, wanda ya haura saba'in, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga wuyan tirelar da ita da kayanta suka haura tan biyu, ya riƙe shi a sama yana kallona.

"Ka ga ciwonka. Ko sifirin ɗin jirgin ƙasa ka sa wa motar nan, in ka kai 80 sai ta yi rawa."

Ya ce in tuna kibiya. Ƙarfenta a gaba yake, shi ya sa take tafiya a miƙe. Ɗaura ƙarfen a gindinta ka harba, kafin ta yi nisa ta juya, don nauyi kullum so yake ya shige gaba. Kayan da ke bayan tayoyin tirela haka suke, suna neman hanyar da za su wuce motar da ke jan su, iskar tanka ko ramin titi dalili kawai suke ba su. Na ce, "To Baba, ai da na sa nauyin a gaba ma ba ta tuƙu ba." Ya ce e, don can ma na wuce gona da iri. Ya ɗauko wani katako ya ɗora a kan bulo, ya taka gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tashi. Bulon shi ne tayoyin bayan mota. Inda ya taka shi ne inda tirela ke zama. Gefen da ya tashi kuwa tayoyin gaba ne, masu sitiyari, masu yawancin birki.

Daga nan ya aike ni neman sikeli, irin na masu sayen shanshera, wanda ake ɗora buhu a kai. Na aro wajen wani dillali mai iyakar kilo 300. Muka ɗora guntun katako a kansa don wuyan tirelar ya zauna daidai tsayin da yake zama a jikin mota, domin in ya yi sama ko ƙasa awon ba zai faɗi gaskiya ba. Lodin da ya kusa kashe mu ya nuna kilo 35. Don in gani da idona, ya sa muka mayar da kayan yadda muka yi su ranar farko: sikelin ya ƙure, bai iya faɗin adadin ba. Kashegari na ja tirelar da kayanta zuwa wani kamfanin shinkafa mai sikelin mota, na ba mai awo na goro, aka cire ta aka auna ita kaɗai. Kilo 2,100 da 'yan kai. Ban taɓa zaton ta kai haka ba. A ƙiyasina tan ɗaya da rabi nake ba ta, na manta cewa ita kanta tirelar ba komai a kanta ta kai 520, duro biyu cike da gas sun kusa 380, ga tamfol, ga injin ban ruwa, ga akwatin sifanu.

Ƙa'idar da ya ba ni ita ce wuyan ya ɗauki wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya. Ya haura kaɗan ba laifi, in ƙarfen jan zai iya, amma kada ya faɗo ƙasa sosai. Ni kuwa ranar nan ko kashi 2 ban kai ba.

Wuni guda muka yi muna ja da turawa. Da farko ya ce duro biyun su sauka daga tirela kwata-kwata. Ɗaya ya koma cikin bodin mota, a manne da bayan gida, inda nauyinsa ke faɗawa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ɗayan ya ce in bar shi a gida, ai ana sayar da gas a inda zan je. Ya kuma ja mini kunne a kan duron da aka sha rabi: ruwa mai kai da komo a ciki ya fi cikakke haɗari, don shi ma tura tirela yake gefe da gefe. Aka sa injin huɗa a gaba, injin casa a kan tayoyi, ɓangarensa mai inji yana kallon gaba. Sikeli ya ce 260. Muka ja injin casa baya taƙi ɗaya, ya ce 220. Muka ƙara taƙi ɗaya, ya ce 180. Tirelar yanzu 1,720 take, ke nan an zo wurin. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, taƙi biyu kacal ya sauya kilo 80. A nan ya kira mai walda ya liƙa guntayen ƙarfe a daɓen tirelar inda ƙafafun kowane inji za su tsaya, aka zagaye wurin da jan fenti, aka yi kunnuwa huɗu na ɗaure sarƙa. Igiyar roba da muke ɗaure kaya da ita ya ce in kai wa masu kayan miya. Mazurarin saman injin casa ma yanzu kwance shi muke mu kwantar, don tsayinsa na kama iska.

Sai a rana ta uku ya waiwayi motar. Ya ɗauko tef ɗin tela, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, ya rubuta da alli a bango. Aka haɗa tirela aka sake aunawa. Baya ya nutse santimita 9, gaba ya tashi 2. Da aka ɗaga ta aka kankare busasshen taɓon gona, sai ga falle ɗaya na gefen hagu a karye daidai wajen ƙusar tsakiya, wa ya san tun yaushe. Robobin da ke cikin idon sifirin, waɗanda ake kira bushin, sun cinye har ƙarfe na taɓa ƙarfe. Ya sa ƙarfen taya ya ɗan banƙara, aksul ɗin gaba ɗayansa ya motsa gefe. Ya ce wannan wasan, ko da bai kai faɗin yatsa ba, shi ke ba tirela damar tuƙa bayan mota. Shokozoba kuwa da aka kwance, yarona ya tura ta da hannu ta shige kamar famfon keke, man cikinta ya daɗe da tsiyayewa. Ni da na ɗauka shokozoba nauyi take ɗauka. Ba ta ɗaukar ko kilo ɗaya. Aikinta ta kashe lilo, in sifirin ya lotsa ya dawo kada ya ci gaba da sukuwa. Mota mai jan kaya da matacciyar shokozoba, rami ɗaya sai ya zama uku.

Mun yi gardama a kan falle. Ni dai uku nake so, tunda na riga na zo da kuɗin. Ya ce ɗaya. Hujjarsa ita ce tirela wata huɗu ko biyar take aiki a shekara, sauran watannin motar fayau take yawo, kuma bayan a-kori-kura da ya yi tauri fiye da kima ba ya zama a ƙasa, tsalle yake a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe hanya. Ƙari a kan haka, sifirin mai tauri ba ya ƙara wa aksul ko shasi ko boris ƙarfi, ɓoye maka wahalarsu kawai yake, har ranar da wani abu zai karye. Akwai masu bugun sifirin da guduma su dawo masa da lanƙwasarsa, yana da araha, ya ce wata nawa ne ya sake kwanciya. Masu gasa shi a wuta kuwa ya ce kada in ko tsaya a wurinsu, wuta kashe ƙarfen take. Muka sayi cikakken saiti na Beljiyam, hagu da dama tare, muka jera su a ƙasa muka ga lanƙwasarsu ɗaya, muka ƙara falle ɗaya mai faɗi daidai da nasu a kowane gefe. Sabuwar ƙusar tsakiya mai ɗan tsawo, sababbin yubol, wato lanƙwasassun ƙarfunan da ke ɗaure sifirin da aksul, don ya ƙi mayar da tsofaffin ko da sun yi kyau a ido, ya ce wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe. Sababbin bushin, sababbin shokozoba gaba da baya. Wani abu da na lura, bai ƙarasa ɗaure notinan bushin ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, wai in an ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna, ta yage da wuri. Ya ce in dawo bayan sati a sake bin yubol da sifana. Na dawo, kuma kowanne ya ƙara ci.

Aka sake awo da tef. Baya ya nutse santimita 4 maimakon 9. Gaba kuwa ya tashi kusan yadda ya tashi da. Na ce, "Baba, gaban fa bai gyaru ba." Ya yi dariya ya nuna mini katakon nan da bulo. Tsakanin tayoyin gaba da na baya na Hilux mita 3 ne da ɗan ɗori, daga tayar baya zuwa inda tirela ke zama kuma wajen mita ɗaya da kwata. Saboda haka duk kilo 100 da ka ɗora a wurin, kusan 40 ake zarewa daga tayoyin gaba, tayoyin baya kuma su ɗauki 140. Sifirin ba ya sauya wannan lissafi ko da na zinariya ne. Yana ɗaga bodi, fitila ta dawo kan titi, amma nauyin da ya bar gaba ya bar shi. Wani ɗan yayana ya nuna mana a waya irin sandunan ƙarfen da ake ɗaurawa a Amurka tsakanin mota da tirela, masu banƙare mahaɗin su mayar da nauyi gaba. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya ce wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa, amma mu da kilo 180 ba mu kai ga buƙatarsa ba.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin ƙarami ne, kuma na tabbata bakaniken falle uku ba zai taɓa shi ba. A ƙarƙashin irin motata, wadda ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an daki birki, akwai wani ɗan bawul a jikin shasi da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksul ɗin baya. Shi ke auna yadda bayan mota ya nutse. In ya nutse sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bai nutse ba, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To mun ƙara falle, mota ta daina nutsewa kamar da, ke nan bawul ɗin zai riƙa ɗauka fayau take alhali tana ɗauke da duro da wuyan tirela, ya hana ta birki a lokacin da ta fi buƙata. Ya kwanta a ƙasa ya daidaita ƙarfen, muka fita wani fili mai tsakuwa muna taka birki, da kaya da babu kaya, yana tsaye a gefe yana kallon wace taya ke fara ja, har sai da ya gamsu.

Faifan da aka liƙa a bamba ya sa aka yanke. Bamba ado ce, ba a yi ta don jan tan biyu ba, kuma ramin ƙusar ya riga ya faɗaɗa, shi ya sa duk tashi da tsayawa nake jin an doke ni ta baya. Aka samo ainihin ƙarfen ja na Hilux wanda ke kama shasi hagu da dama, aka ɗaure shi da kusoshi masu lamba 8.8 a kansu, ba walda ba. A kansa dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 50, bakin tirela ya hau ya kulle ba wasa. Aka daidaita tsayinsa yadda tirelar za ta kwanta a miƙe, ba ta ɗaga hanci ba. Sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan, in ya taɓa kuɓucewa ya faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Aka ja mata wayar fitilar birki da sigina, waɗanda, kunya ta ishe ni in faɗa, da babu.

Taya ma sai da na sha faɗa. Ya nuna mini lambobin da ke jikin tayoyin tirelar, waɗanda ban taɓa karantawa ba. Lamba 96 na nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 710 ne, ni kuwa ranar titin Zariya kowacce na ɗauke da sama da 1,000. Wasu lambobi huɗu kuma, 1214, wato an yi ta a sati na 12 na shekarar 2014. Taya mai laushin gefe lanƙwashewa take a ƙarƙashin kaya, ita ma tana ƙara rawa. Na sayi irin na motar, 205R16C masu lamba 110, kowacce kilo 1,060. Da yake aksul ɗin tirelar na Hilux ne, kusoshi shida iri ɗaya, safaya ɗaya ta ishe su duka. Na kuma sayi gejin iska nawa na kaina, don na gwada masu faci uku a jere kowanne gejinsa da abin da yake faɗa. Da safe nake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Birkin tirela shi ya fi cin kuɗi da lokaci, kuma shi na so in tsallake. Dattijon ya ce in buɗe littafin motar. A ciki an rubuta tana jan kilo 2,250 in tirelar na da birkinta, in babu kuwa 750. Tawa ko rabin injin casa ba a ɗora ba ta wuce 750. Sati biyu abokina yana cigiya kafin a samo wuyan wata tsohuwar kwamfaresa ta masu fasa titi, irin wanda ke da birki a jikinsa. Yadda yake aiki abin sha'awa ne: in mota ta rage gudu, tirela ta taho ta tunkuɗe ta, wuyan sai ya shige ciki kaɗan, shigewar ta ja waya, wayar ta kama birkin tayoyin tirela. Wato nauyinta ne ke taka mata birki. Aka haɗa shi da wayoyin birkin hannu na tsohon aksul ɗin, aka sa sababbin takalman birki. Ranar gwaji komai ya yi, sai da na zo yin ribas a ƙofar garejin, tirela ta ƙame ƙam, taya na jan ƙasa. Ai ribas ma tunkuɗa ce. Ya manta bai gaya mini ba, ko kuma ya bari ne in gani. Akwai wani ɗan maƙulli da ake jefawa ya hana wuyan shigewa. Yanzu aikin yarona ne, in zan yi baya ya sauka ya jefa, in mun gama ya cire. Sau ɗaya ya manta bai cire ba, muka yi tafiyar kilomita goma ba birkin tirela, na gane ne da na ji motar na ƙin tsayawa a wani shingen 'yan sanda. Tun ranar na ɗaura jan ƙyalle a jikin maƙullin, in yana ciki ina hango shi ta madubi.

Tafiyar farko mai nisa da muka yi bayan gyaran ta Haɗeja ce, wani manomi ya kira mu aiki a wajen Auyo. Muka bi ta Gezawa da Ringim da Gujungu. Ba zan ɓoye ba, duk babbar motar da na hango a madubi sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Bayan Ringim wata doguwar mota ta wuce mu, iskarta ta bugi tirelar, na ji ta ɗan ja gefe sau ɗaya, ta dawo layi ta zauna. Shi ke nan. Yarona ya juya ya kalli baya ya kalle ni, bai ce komai ba. A Gujungu muka tsaya na zagaya ina taɓa tayoyi da wajen boris da bayan hannu, ɗumi ne kawai, na ƙara ɗaure sarƙa ɗaya da ta saki. Duk da haka ba na wuce 70 da ita, ko hanya ta yi kyau kamar tabarma. Dattijon ya ce kowace tirela tana da gudun da in an kai shi za ta yi rawa, gyara ɗaga wannan gudun kawai yake ya kai shi inda ba ka zuwa, ni kuwa ba ni da sha'awar sanin inda nawa yake. Ya kuma tabbatar mini abin da tsoro ya sa na yi ranar nan shi ne daidai: a saki totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a daki birki, kada a bi ta da murɗa.

Sikelin da na aro na mayar, na sayi nawa na hannu, yana cikin shagon da nake ajiye injuna. In kayan sun sauya, kamar ranar da aka roƙe ni in ɗauko buhunan taki, sai na ɗora wuyan a kai kafin mu tashi. Mutanen unguwa har sun sa mini suna mai auna tirela.

Falle ɗayan nan ma da aka ƙara yana da kuɗinsa da nake biya kullum. In motar ba kaya, bayanta ya yi tauri, a kan hanyar burji har haƙora ke haɗuwa. Na ɗauki Hajiyarmu zuwa wani suna a Bunkure, tana kujerar baya, muna isa ta ce, "Kai, wannan mota ce ko jaki? Ka nemo mini mai adaidaita in za mu koma." Na yi tunanin yadda za ta ce da uku na ƙara. Yanzu buhu uku na yashi nake ajiyewa a bodin, daidai kan tayoyin baya, duk lokacin da tirela ke hutu. Ranar aiki a sauke su, duro ya hau.